Sai an haddace yaren kwamfuta kafin a iya aiki da shi?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai tambayar da ta hana ni sakat kwana biyun nan, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka riga ni shiga harkar nan da shekaru. Wata takwas ke nan ina koyon yaren kwamfuta na JavaScript, da wayata da wata tsohuwar laftof da yayana ya bar mini. Ban shiga makaranta ba, YouTube ne kawai da karance-karance. Na yi wa gwaggona 'yar manhajar rubuta bashi, tana da shagon kayan masarufi a kasuwar Nima, kuma manhajar tana aiki. Makon jiya na je neman aiki wani kamfani a Osu. Suka ajiye mini layi shida na kod, suka ce in faɗi abin da zai fito da dalilinsa. Abin da zai fito na faɗa daidai, dalilin ne ya gagare ni. Mutumin ya ce ban san yaren ba tukuna. Na hau trotro na dawo gida raina a jagule.

To ina iyakar sanin? Sai na haddace yaren kaf kafin a ce na iya? Ko abin da na sani ya isa, in ci gaba da gina abubuwa, sauran ya zo a hanya?

Mai Gyaran Waya a Circle:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka bari su karya maka gwiwa. Manhajarka tana aiki ko ba ta aiki? Gwaggo tana amfani da ita ko ba ta yi? To ka iya. Dubi Hausar da muke yi a nan Accra. Bakano ya ji mu sai ya ce mun ɓata harshe, da yawanmu ba mu damu da raba "ya" da "ta" ba. Amma da ita muke ciniki, da ita ake ɗaura aure, da ita ake wa'azi a Mamobi da Fadama. Yaren Tuwi ɗin da nake yi da masu kawo mini gyara a bakin titi na tsince shi, ban taɓa buɗe littafinsa ba, kuma ba a taɓa cuta ta a ciniki saboda shi ba. Yare na biyan buƙata ne.

Injiniyan Aboabo:
Maigida, maganarka tana da daɗin ji, amma akwai inda ta tsaya. Idan ka ce "matata ya zo", mai sauraro mutum ne, yana da hankali, zai gyara a zuciyarsa ya gane nufinka. Kwamfuta ba ta gyara wa kowa. Abin da ka rubuta shi take yi, ba abin da ka nufa ba.

Ɗan Nima, kafin a yi nisa da muhawara, buɗe console na burauzarka, wato wurin gwada kod, ka rubuta 0.1 + 0.2 ka faɗa mana abin da ka gani. Sannan ka rubuta 4.35 * 100.

Ɗan Nima:
Yaya, na farko ya ba ni 0.30000000000000004. Na biyu 434.99999999999994. Laftof ɗin ce ta lalace?

Injiniyan Aboabo:
Lafiyarta ƙalau. Ko kwamfuta mafi tsada a Accra haka za ta ba ka. Dalili shi ne kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a wannan tsarin, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a lissafinmu, 0.3333 har illa masha Allah. Dole ta yanke a wani wuri, yankan nan ne yake barin ɗan saura. Akwai ƙa'idar da ta tsara wannan, IEEE 754, tun 1985, kuma JavaScript da Python da Java da C duk suna bin ta. Yanzu ka duba manhajar gwaggo. Ta yaya kake mayar da sidi zuwa pesewa?

Ɗan Nima:
Innalillahi. Ina ninkawa da 100 ne in sa parseInt, mai zubar da abin da yake bayan ɗigo. Ashe sidi 4.35 yana komawa pesewa 434. Gwaggo ta yi mini magana sau biyu cewa jimillar manhaja da ta littafinta suna saɓawa da 'yan pesewa, ni kuwa na ce mata ita ce ta yi kuskuren lissafi. Wallahi sai na je na ba ta haƙuri.

'Yar Asawase:
Ka je ka ba ta haƙuri, ta cancanta. Gyaran kuma ba shi da wuya: ka riƙa ajiye kuɗi da pesewa tun daga farko, cikakkiyar lamba ba mai ɗigo ba, sai lokacin nunawa a fuskar waya ka mayar sidi. Inda ya zama dole ka ninka, ka sa Math.round, mai kai lamba ga cikakkiyar da ta fi kusa da ita.

Amma ina so in tsaya a kan ainihin tambayarka, don ina ganin an haɗa abu biyu wuri guda. Kalmomin yaren kwamfuta ba su da yawa. C na asali, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a 1972, keɓaɓɓun kalmominsa 32 ne a ƙa'idar 1989. Go yana da 25. Python yana da 35. Yaron da ya haddace izu guda zai haddace waɗannan kafin la'asar. Haddar kalmomi ba ita ce sani ba. Sani shi ne ka san halin yaren: me yake yi idan ka haɗa rubutu da lamba, me yake yi idan abin da ka nema babu shi, wane layi yake fara gudu wane ne yake jira.

Shekara shida ina aikin nan a Kumasi, har yau kullum sai na buɗe littafin bayanin yaren na duba sunan wani abu. Ba na jin kunyar haka ko kaɗan. Abin da ba na dubawa shi ne halin, don idan ban san shi ba, ba zan ma san akwai abin dubawa ba. Kai ɗin nan ba ka taɓa neman "me ya sa pesewa take ɓacewa" ba, saboda ba ka san tana ɓacewa ba.

Mai Gyaran Waya a Circle:
Hajiya, pesewa ɗaya fa ake magana. Yau me pesewa ɗaya take saye a Ghana? Ko ruwan leda ba ta saye.

'Yar Asawase:
Baba, ba darajar pesewar ce abin dubawa ba. Ranar da mai bashi ya ga lissafin manhaja ya saɓa da nasa, ko da pesewa ɗaya ne, daga ranar ya daina yarda da sauran lissafin duka. Kuma gwaggo ce za ta sha kunyar a gaban mutane, ba manhaja ba.

Malamin Madina Zongo:
Salamu alaikum. Ni ba gwani ba ne a wannan fanni, makaranta nake koyarwa, da girma na fara taɓa Python don wata buƙata. Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, wataƙila ya yi amfani.

Shekarun baya na so in yi ɗan abin da zai taimaka wa ɗalibaina wajen lissafin rabon gado. Na rubuta rabon matar mamaci idan akwai 'ya'ya, wato tumuni, na sa 1/8 na ninka da dukiya. Amsa ta fito sifili. Na sake, sifili. Kwana biyu ina neman inda na yi kuskure a fiƙihu, alhali fiƙihun daidai yake. Kwamfutar da nake aiki da ita Python 2 ne a kanta, shi kuwa idan ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba sai ya zubar da abin da ya saura. Ɗaya a raba takwas, sifili. A Python 3, wanda ya fito a 2008, an sauya wannan, 1/8 yana ba da 0.125, kuma tun 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2. Amma a C da Java har gobe 1/8 sifili ne idan lambobin cikakku ne.

Abin da ya tsorata ni shi ne, da sudusi da rubu'i da sulusi duk haka za su fito, kuma da na haɗa su cikin dogon lissafi ban duba ɗaya bayan ɗaya ba, da na hana marainiya haƙƙinta da hannuna ina ganin na yi aikin lada. Daga baya wani ɗalibina ya nuna mini cewa Python yana da fractions, wanda yake riƙe tumuni a matsayin ɗaya bisa takwas ba tare da ya mayar da shi lamba mai ɗigo ba. Shekara da shekaru yana nan cikin yaren, ban sani ba.

Mu a makaranta mun san wannan tun tuni. Mutum yana iya sauke Alƙur'ani, karatunsa ya yi daɗi, bai san nahawu ba, kuma ba wanda zai ce bai yi karatu ba. Amma ranar da zai hau kujerar tafsiri ko ya ba da fatawa, dole ya san abin da wasali ɗaya yake yi wa ma'ana. Gwargwadon amanar da aka ɗora maka, gwargwadon zurfin da ya wajaba a kanka.

Ɗan Nima:
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan ya shige ni.

Ɗan Ashaiman:
Da girmamawa ga manya, ni ina ganin wannan muhawarar ta tsufa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 aiki ya sauya. Wata uku da suka wuce na yi wa wani mai sayar da kayan gini shafi da PHP, yaren da ban taɓa zama na koya ba. Na faɗi abin da nake so, aka rubuta mini, na liƙa, ya tashi, aka biya ni ta MoMo. Da na ce sai na yi wata shida ina koyon PHP, da wani ya karɓe aikin. Ga haya, ga kuɗin data, ga iyaye suna jira. Wa yake da lokacin zurfi?

Injiniyan Aboabo:
Ɗan'uwa, ban raina neman halal ɗinka ba, ni ma ina amfani da waɗannan kayan kullum. Tambaya ɗaya: a shafin akwai wurin da mutum yake rubuta suna ko ya nemi kaya? Abin da ya rubuta, kai tsaye ake manna shi cikin umarnin SQL, yaren da ake magana da rumbun ajiye bayanai da shi, ko ana raba umarni daban bayani daban?

Ɗan Ashaiman:
Gaskiya ban duba ba.

Injiniyan Aboabo:
To ka duba yau, kada ka kwana. Wataƙila an rubuta maka daidai, wataƙila ba a yi ba, matsalar ita ce kai ba ka da hanyar sani. Idan kai tsaye ake mannawa, wani zai iya rubuta umarni a gurbin suna ya kwashe lambobin wayar duk masu sayen kayan mutumin nan, ko ya goge rumbun gaba ɗaya. Wannan ɓaraka ta fi shekara ashirin da saninta, har yau ana faɗawa. Na'urar tana rubutu da sauri, amma mai karantawa ya ce "wannan layin ban yarda da shi ba", kai ne. Yanzu karatun kod ya fi rubuta shi muhimmanci, kuma ba ka iya gyara wa wani rubutu a yaren da ba ka ji.

Ni a Suame Magazine na tashi, mahaifina makanike ne. Direban da yake Kumasi zuwa Tamale bai san yadda ake kwance giyabos ba, kuma ba a buƙatar ya sani. Amma direban kirki yana jin ƙarar injin ta sauya, ya san wannan ta tsayawa ce, wannan kuma za ta kai shi gari. Wanda bai san komai ba sai sitiyari, shi ne yake ƙona injin a Kintampo da fasinja cike da mota. Akwai sanin direba, akwai sanin makanike, akwai sanin wanda ya ƙera injin. Yawancinmu na farko da ɗan na biyu muke buƙata. Amma na farkon ma ba ƙaramin sani ba ne.

Ɗalibar KNUST:
Yaya Injiniya, ina tare da kai, amma ina tsoron kada a tsorata masu farawa. Na ga ƙawayena da suka shekara suna "koyon tushe", daga wannan kwas zuwa wancan, ba su taɓa gina ko kalkuleta ba, don kullum gani suke ba su shirya ba. Ɗan Nima ya fi su nesa ba kusa ba. Da bai gina manhajar gwaggo ba, da maganar 4.35 ba ta zauna masa ba, da ya karanta ta ya wuce kamar yadda muke wuce ta a aji. Yau kuwa har ya mutu ba zai manta ba.

Kuma wani abin ba zurfin yare ba ne. A aji an ba mu labarin rokar Ariane 5 da ta tarwatse ranar 4 ga Yunin 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta. An yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16, ta ƙi shiga. Waɗanda suka rubuta kod ɗin sun san yaren Ada ciki da bai. Abin da ya faru shi ne an ɗauko kod ɗin daga Ariane 4, aka ɗauka lambar ba za ta taɓa kai wannan girman ba, alhali sabuwar rokar tafiyarta daban ce. Sanin yare bai cece su ba, sanin aikin da yaren yake yi wa hidima ne ya yi ƙaranci a wurin.

'Yar Asawase:
Ƙanwata kin kawo magana. Kuma ga misali a ƙofar gidanmu. Lambar wayar Ghana da sifili take farawa. Wanda ya ajiye ta a matsayin lamba, sifilin zai faɗi, 024 ya koma 24, saƙo ya ƙi tafiya. Wannan rabinsa sanin yare ne, rabinsa sanin ƙasa.

Na biyu ya fi ci mini rai. Na taɓa karɓar aikin gyaran rumbun bayanan wata makaranta, na tarar duk sunan da yake da ƙ ko ɗ ko ɓ ya koma alamar tambaya. Sunayen Tuwi masu ɛ da ɔ su ma haka. Wanda ya gina rumbun ya bar shi a kan latin1, tsarin da bai san haruffanmu ba, maimakon UTF-8. Sunayen yara ɗari da wani abu sai da muka bi takardu muka sake shigar da su da hannu, don abin da ya ɓace ya ɓace. Kuma ko a UTF-8 ɗin, harafin ƙ bayit biyu yake ci, wato gurbi biyu na ajiya. Ka tambayi Python 3 tsawon kalmar "ƙasa", zai ce 4. Ka tambayi Go da len, zai ce 5, don shi bayit yake ƙirgawa. Mai koyarwa a bidiyo daga Amurka ba zai tsaya a kan wannan ba, sunansa ba shi da ƙugiya. Mu ne za mu nutsa a nan, don sunayen iyayenmu ne suke lalacewa.

Mai Gyaran Waya a Circle:
To na ji, na kuma karɓi maganar sunaye, don ni ma na ga rasit da aka rubuta sunan ɗiyata da alamar tambaya a tsakiya, abin bai yi mini daɗi ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mutumin Osu bai kyauta ba. Yaro ya zo da abin da ya gina da hannunsa, ka ce masa bai san komai ba? Mu a wurin aiki yaro yana fara canza sikirin ne, a hankali ya kai ga cajin fot, a hankali ya kai ga bod. Ba a korarsa ranar farko don bai san IC ba.

Injiniyan Aboabo:
A nan kam ba ni da ja, Maigida. Ɗan Nima, me suka tambaye ka takamaimai?

Ɗan Nima:
Madauki ne na for, wato umarnin maimaita aiki, da var i, daga 0 zuwa ƙasa da 3, a ciki akwai setTimeout, mai jinkirta aiki, da yake buga i. Na ce 3 zai fito sau uku, don na taɓa gani a bidiyo. Suka ce me ya sa, kuma me zai faru idan aka sa let. Nan na tsaya.

Injiniyan Aboabo:
Tambayar ba ta mugunta ba ce, ko da yake yadda ya yi maka magana bai dace ba. Ga dalilin. setTimeout ba ya gudu nan take, ajiye aikin yake yi sai madaukin ya gama. Shi kuma var akwati ɗaya yake yi wa i, duk zagayen suna tarayya a kansa. Kafin ayyukan uku su farka, akwatin ya riga ya kai 3, kowa ya leƙa ya ga 3. let, wanda ya shigo yaren a 2015, yana ba kowane zagaye akwatinsa, sai ka ga 0, 1, 2. Ba wasan ƙwaƙwalwa ba ne kawai. Ranar da za ka yi jerin masu bashi, kowane suna da maɓallin "ya biya", wannan kuskuren ne zai sa duk maɓallan su nufi wuri ɗaya maimakon kowa da nasa.

JavaScript yana da irin waɗannan da yawa. Brendan Eich ya rubuta siffarsa ta farko cikin kwana goma a 1995 a Netscape, kuma abubuwa da dama da aka yi cikin gaggawa ba su gyaruwa yanzu, don gyaransu zai rushe miliyoyin shafuka. Shi ya sa "50" + 20 yake ba da "5020", amma "50" - 20 ya ba da 30. Shi ya sa [10, 9, 1].sort() yake ba da 1, 10, 9, don a matsayin rubutu yake jera su. Shi ya sa Janairu wata na 0 ne a Date. Duk abin da mutum ya rubuta a fom kuwa rubutu ne yake zuwa maka, ko da lamba ya buga. Ka duba wannan ma a manhajar gwaggo.

Shawarata: kada ka tsaya da gini, kada kuma ka yi tsalle zuwa yare na biyu yanzu. Ka riƙe wannan ɗaya. Duk lokacin da abu ya yi aiki ba ka san dalili ba, ka ɗauke shi kamar ya lalace, ka zauna da shi sai ka iya bayyana wa wani da Hausa. In ka iya faɗinsa da Hausa, ka gane shi.

Ɗan Ashaiman:
Yaya Injiniya, na duba. Wurin shiga da kalmar sirri an raba shi daidai, amma wurin neman kaya kai tsaye aka manna. Yaya ake gyarawa? Kuma in gaya wa mai shagon ko in gyara shiru?

Malamin Madina Zongo:
Ka gaya masa, ɗana. Dukiyarsa ce da sirrin mutanensa.

'Yar Asawase:
Ka nemi PDO da prepare, hanyar raba umarni daban bayani daban, a littafin bayanin PHP, shafi ɗaya ne, ka karanta da kanka kafin ka tambayi na'ura. In ka gyara ka turo layukan nan zaure mu duba tare, amma ka cire sunan rumbun da kalmar sirri kafin ka turo.

Ɗan Nima:
Na dawo daga shagon gwaggo. Na ba ta haƙuri, ta ce ai ta san lissafinta daidai ne, shi ya sa ba ta yar da littafin ba. Mun zauna mun bi bashin mutum goma sha ɗaya, huɗu a ciki akwai saɓanin pesewa. Na mayar da komai pesewa, yanzu sun yi daidai da littafi. Na kuma sami wuri ɗaya da nake haɗa abin da ya fito daga fom ba tare da na mayar da shi lamba ba, Allah ya taimake ni ba a cika bi ta wurin ba.

Saura abu ɗaya da ban gane ba. Idan setTimeout yana jira sai madauki ya gama ko da na sa masa 0, to wa yake riƙe da aikin a lokacin jiran, kuma wa yake yanke wanda zai fara gudu tsakaninsa da Promise, wato alƙawarin sakamakon aikin da ake jira?

Ɗalibar KNUST:
Promise ne yake riga shi, layin jiransu daban-daban ne. Ina da zanen da na yi a littafina lokacin da abin ya ruɗa ni. Bari in idar da sallar isha'i in ɗauki hotonsa in turo.